Dan Allah a warware min: darussan MIT na kyauta da handawut ɗin malaminmu

Ɗan_Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa, a yi haƙuri da tsawon rubutu. Ina aji biyu a injiniyanci, semistar nan akwai wani kwas na lissafi da ya tsaya min a maƙogwaro, malamin zai shigo ya cika allo ya goge ya sake cikawa ya fice, wlh har muka yi wata guda ban san inda aka dosa ba. Sai wani abokina ya tura min wasu bidiyoyi ta Xender na wani dattijon Bature mai suna Gilbert Strang, da allinsa a hannu yana bi a hankali kamar mai lallashin yaro, a dare biyu na gane abin da ya gagare ni. Na bi sawu na shiga shafin OpenCourseWare na jami'ar MIT ta Amurka, na tarar komai a zube, lakca da aikin gida da tsoffin jarrabawa har da amsoshinsu, ba rajista ba ko sisi.

To kuma a satin nan shugaban ajinmu ya ɗauki hoton handawut ɗin malamin, shafi 40 da ake sayar mana 2,500, ya watsa a guruf ɗin WhatsApp, magana ta koma kunnen malam ya ce duk wanda sunansa ba ya cikin waɗanda suka saya ya kuka da kansa ranar tes. Tambayata, shin na MIT ɗin nan da gaske kyauta ne ko akwai lauje cikin naɗi, kuma suna ba da satifiket? Zan iya bugawa in sayar wa 'yan ajinmu in samu na data? Sannan in babbar jami'a kamar wannan za ta saki nata a banza, meye laifin shugaban ajinmu?

Injiniya_Bash:
Wa alaikumus salam. Kyauta ne ƙanina, ba wani lauje, tun Afrilun 2001 suka sanar da shirin, a 2002 suka fara sakin kwasa-kwasai 50 na gwaji, yanzu sun haura 2,500. Shi Strang ɗin da kake kallo a 2023 ya yi ritaya amma bidiyoyinsa na nan, lambar kwas ɗin 18.06 in kana so ka nemo takardun da ke tafiya da shi. Satifiket kam babu, ka cire rai, ba ɗalibinsu ba ne kai kuma ba wanda zai duba maka aiki ko ya amsa maka tambaya, kayan kawai suka ajiye a bakin hanya. In takarda kake so sai ka leƙa shafukan kwasa-kwasai na intanet irin su edX ko Coursera, su ma yawanci sai an biya kuɗin takardar, amma kwas ɗin kwamfuta na CS50 na jami'ar Harvard yana ba da tasa kyauta in ka gama ayyukan.

Maganar sayarwa kuma akwai sharaɗi, lasisin Creative Commons suke amfani da shi kuma abu uku ya ce, ka ambaci mai aikin, kada ka mai da shi haja, in ka gyara ko ka fassara to kai ma ka sake shi a kan wannan sharaɗin. Wato in ka karɓi kuɗin takarda da na fotokwafi daidai abin da ka kashe ba matsala, amma ka ɗora riba ka buɗe shago, a'a. Shawara, maɓallin sauke kwas ɗin takardu yake ba ka, bidiyon daban yake a YouTube, ka sauke shi a 360p da datar dare, allo ne da alli ba fim ba, ana ganin rubutun ras. Ka kuma gwada shafin darussa na NPTEL na Indiya, jami'o'in fasaha na IIT ne suka fara shi a 2003, ni a ganina tsarin karatunsu ya fi kusa da namu, sai dai kunnenka zai ɗan sha wuya da Turancinsu kwana biyu kafin ya saba. Littattafai kuma OpenStax na jami'ar Rice, fiziks da kalkulas cikakku, halak malak.

Malamin_Jami'a77:
Ni malami ne shekara 14 ina koyarwa, bari in faɗi gaskiya ko da a kanmu ne. Haɗa sayen handawut da makin tes zalunci ne, ba shi da wani suna, kuma jami'o'i da yawa sun hana, in kuna da hujja ku kai wa shugaban sashe a ƙungiyance kada mutum ɗaya ya tsaya a gaba. Amma kwatancen da ka yi bai zauna ba. Malaman MIT da kansu suka yarda aka saka kayansu, ba wanda ya laɓe ya ɗauki hoto, kuma da aka fara gidauniyar Hewlett da ta Mellon ne suka zuba kuɗi aka ɗauki ma'aikata masu tsara abin da tantance haƙƙin mallaka, malamin bai yi asarar komai ba albashinsa na shiga. Mu nan a 2022 daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba muna yajin aiki, wata takwas ba albashi, na san abokin aikin da ya mai da motarsa ta haya. Ba ina kare mai sayar da maki ba ne, ina nuna maka inda abin ya samo asali.

Kuma ni na taɓa gwadawa. Na zauna hutu guda na buga bayanan kwas ɗina tsaf na ba ɗalibai kyauta, bayan semista biyu na je wani shagon fotokwafi a bakin get zan buga takarda, sai ga aikina a kan tebur an yi masa bango mai launi, an cire shafin farko mai sunana, ana sayarwa 1,500. Yaron shagon har yana ce min Alhaji wannan yana da kyau sosai ka saya wa ɗanka. Dariya na yi amma raina ya sosu. Yanzu ina ci gaba da bayarwa, sai dai sunana da sharaɗin suna ƙasan kowane shafi. Shugaban ajinku da ya je ya roƙi izini tukuna, in an hana shi sai ya tura muku na Strang ɗin wanda mai shi ya riga ya yarda.

Maman_Ilham:
Ku kuna ta MIT MIT alhali ga namu a gida. Ni a NOUN nake karatu, jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, ga yara uku ga aiki, kuma littattafan kwasa-kwasanmu suna kan shafinsu kowa ma zai iya saukewa ko ba ɗalibi ba ne, ƙanwata da ke wata jami'ar daban da su take bita don an rubuta su ne saboda mai karatu shi kaɗai ba malami a gabansa, kowane babi da tambayoyin gwada kai. Makarantar ma ba sabuwa ba ce, tun 1983 aka kafa ta zamanin Shagari, aka dakatar a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita daga baya har shi ma ya zo ya yi digirin digirgir a ciki. Amma Ɗan Kurna in faɗa maka abin da ya same ni, akwai lokacin da na kamu da ciwon tara PDF, duk guruf ɗin Telegram da na gani sai na shiga, memori na 32GB ya cika dam, ranar jarrabawa na lissafa ko biyar ban buɗe ba. Yanzu kwas ɗaya nake ɗauka, bayan sallar asuba kafin yara su tashi minti 40, da biro da littafi, in ba haka ba kallo kawai kake kamar na fim ɗin Indiya.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan matsalarmu ta wuce taku, da Faransanci muka yi lakkwal, duk abin nan da kuke lissafawa Turancin Ingilishi ne, sai dai mu bi shafin darussa na FUN MOOC na Faransa da aka buɗe a 2013, shi ma bai kai yawan wancan ba. Abin da ke ba ni mamaki, Injiniya ya ce lasisin ya yarda a fassara, to mi ya hana ɗaliban Kano da Zariya da Yamai su haɗu su maida ko kwas guda zuwa Hausa? Ko ba a fassara kalmomin lissafin ba, a bar su yadda suke, bayanin kawai a yi da Hausa a waya. Wa'azi da waƙa da barkwanci duk sun cika wayoyinmu da Hausa, amma ka nemi mai yi maka bayanin matrix sai ka sha yawo.

Ɗan_Kurna:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya saka. Malam na karɓi gyara, na nuna wa shugaban ajinmu ya goge hotunan, handawut ɗin dai na saya jiya don ba zan yi wasa da tes ba, rancen 1,000 na ci a kai. Maganar sayarwa na fasa, mu shida za mu haɗa kuɗin fotokwafi kawai. Ɗan Maraɗi ka turo min lambarka ta akwatin sirri, ni ba gwani ba ne amma lakca ta ɗaya da ta biyu na gane su sosai, zan gwada ɗauka da wayar yayana ranar Asabar in an kawo wuta, allon Islamiyyar unguwarmu ba kowa da safe. Injiniya wai a NPTEL ɗin wane malami ka bi, na duba na ga kwas ɗin ya fi guda uku.