Tambaya kan albam ɗin farko na Black Sabbath

Ɗan_Fagge:
Salam jama'a. Don Allah masu jin kiɗan Turawa ku taimaka min. Tun da mawaƙi Ozzy Osbourne ya mutu a watan Yulin 2025 nake ta ganin ana cewa wai ƙungiyarsu Black Sabbath ce ta haifi salon kiɗan heavy metal, shi ne na nemo albam ɗinsu na farko na sa a kunne. Ni fa ihu na zata zan ji da kiɗa mai gudu, sai kawai na ji ruwan sama da tsawa da ƙararrawa, can sai jita ta shigo tana jan ƙafa. Wai wannan ne metal ɗin? Sannan maganar da ake cewa 'yan bautar shaiɗan ne, gaskiya ce ko sharri aka musu?

Mai_Tsirkiya:
Wslm ɗan uwa. Ai wannan jan ƙafar da ka raina shi ne tushen abin, gudun daga baya ya zo. Yara ne su huɗu 'yan unguwar Aston a Birmingham, garin masana'antu a Ingila, Ozzy na waƙa, Tony Iommi na jita, Geezer Butler na bas, Bill Ward na ganga. A rana ɗaya suka ɗauki albam ɗin a situdiyon Regent Sound a Landan cikin Oktoban 1969, kusan yadda suke kaɗawa a kulob haka suka shiga suka kaɗa suka fice, shi ya sa in ka sa iyafis da kyau za ka ji abin ɗanye ne ba a masa kwalliya ba.

Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai labarin Iommi ne. Yana ɗan shekara 17 yana aiki a kamfanin ƙarfe inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, kuma bahago ne, kenan hannun da yake danne tsirkiya da shi ne ya samu matsalar. Mutumin nan ya narkar da robar kwalbar sabulun wanke-wanke ya yi wa yatsun 'yan huluna ya liƙa fata a kai, ya koma sa tsirkiya sirara don kar ta ji masa ciwo. Da waɗannan yatsun aka kaɗa abin da ka ji. Kuma ka lura waƙar farko sauti uku ne kacal yake ta maimaitawa, tazarar da ke tsakaninsu ce take sa tsigar jiki tashi, masu ilimin kiɗa na ce mata tritone.

Ummu_Hanan:
Batun shaiɗan kam akwai gishiri a ciki. Kamfanin Vertigo ne ya fitar da shi ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970, ranar da Turawa ke camfawa, kuma kamfanin ne ya sa hoton gicciye a kife a cikin bangon faifan ba mawaƙan ba, talla ce kawai. Butler da ke rubuta musu yawancin baitoci a gidan 'yan Katolika ya tashi, kuma in ka bi kalmomin waƙar farkon mutum ne ya ga wata baƙar halitta ya tsorata yana kiran Allah ya cece shi. Sunan ƙungiyar ma daga wani fim ɗin ban tsoro na 1963 suka aro, da can Earth ake ce musu. Sun ga mutane na biyan kuɗi a silima don a tsorata su, suka ce to bari mu ma mu yi kiɗan da zai tsorata. Amma fa ban ce waliyyai ba ne, shaye-shayensu ba ɓoyayye ba ne, kuma ni ba zan kunna wa yarana ba.

Baban_Blues:
Ni kam a rage zuzutawa. Waƙar farko da waƙar N.I.B. na yarda, amma gefe na biyu na faifan ai blues ne mai nauyi kawai, har da waƙoƙi biyu na aro, Evil Woman da Warning, ita Warning ɗin ta haura minti 10 Iommi na ta yawo da jita har ka gaji. 'Yan jarida ma a lokacin sun caccake shi, Lester Bangs na mujallar Rolling Stone cewa ya yi kwaikwayon ƙungiyar Cream ne marar kyau. Sai dai matasa ba su saurare su ba, ya kai na 8 a jerin ciniki na Birtaniya, na 23 a Amurka. A wajena albam ɗinsu na biyu, Paranoid, da suka fitar a Satumban 1970 ya fi shi nesa ba kusa ba.

Ɗan_Fagge:
Kai na gode sosai, wlh batun yatsun nan ya ba ni mamaki. To Baban_Blues in tsallake zuwa Paranoid kenan?

Mai_Tsirkiya:
Kar ka biye masa lol. Ka ƙarasa wannan tukuna, ko don waƙar The Wizard ka ji Ozzy na busa hamonika Bill Ward na dukan ganga kamar ta ci masa bashi. Kuma ka duba wanne bugu ka sauke, na Amurka ya cire Evil Woman ya sa Wicked World a madadinta.