Rera baƙaƙe da maimaici a aji: karatu yaro yake yi ko hadda kawai?

Malamar Aji Biyu, Zariya:
Assalamu alaikum. Ina koyar da Hausa a aji biyu na firamare, kuma kullum da safe muna rera "ba, be, bi, bo, bu" har zuwa "za, ze, zi, zo, zu", ajin yana amsawa baki ɗaya. A makon jiya na kira wata yarinya da ta fi kowa ɗaga murya, na nuna mata "ki" a kan allo. Sai ta yi shiru, sannan ta koma ta faro daga "ba" ƙasa-ƙasa, tana bi da yatsa har ta iso wurin. Abin ya tsaya mini a rai. Shin in daina wannan rerawa, ko akwai gyaran da zan yi?

Alaramma, Haɗeja:
Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki daina. A makarantar allo da maimaici muke ɗora yaro a kan babbaƙu, wato baƙaƙe ba wasali, sannan ya shiga farfaru, wato baƙaƙe masu wasali. Amma ki lura da abu guda: duk hayaniyar da ake ji a tsangaya, kowane almajiri da allonsa, kuma ba a ba shi izinin wankewa sai ya zo gaban malam ya biya shi kaɗai, yana nuna kowane harafi da yatsa. Wannan biyawar ce ajinki ya rasa, domin a cikin amon jama'a wanda bai iya ba yakan ɓuya a bayan wanda ya iya.

Tsohon Hedimasta, Katsina:
Allah ya gafarta Malam, ka faɗi gaskiya. 'Yata, ki rage rerawar zuwa minti biyar, sannan ki hargitsa jerin: ki nuna "mu", ki tsallaka zuwa "ɗa", layi ɗaya ya amsa, daga nan yaro ɗaya. Ki riƙa haɗa gaɓoɓin su zama kalma a ranar da aka koye su, kamar "ba" da "ki" su ba da "baki". Inda na ga maimaici ya fi amfani shi ne baƙaƙe masu ƙugiya, musamman ga yaran da ba Hausa suke yi a gida ba. Su faɗi "baki" su taɓa bakinsu, su faɗi "baƙi" su nuna allo, haka ma "kafa" da "ƙafa", "bari" da "ɓari", har kunne ya rarrabe.

Uban Yara, Maraɗi:
Mu a nan da Faransanci muke fama. Ɗana yana rera ranakun mako bakwai ba gargada, amma da na tambaye shi wace rana ce yau a cikinsu, bai sani ba. Yanzu kowace safiya kafin ya fita sai ya faɗa mini sunan ranar da harsunan biyu.

Malamar Aji Biyu, Zariya:
Na gode, Baba Hedimasta, na gode Alaramma. Na yanka kwali na rubuta gaɓoɓi ashirin. Gobe zan fara da layin baya, inda yarinyar nan take zama.