Tsohon akwatin gilasan gwajin ido: me lambobin nan suke nufi?

Mai Kayan Da: Assalamu alaikum. Akwatin katako ne na gilasan gwaji, har da firam ɗinsa na ƙarfe. Amma lambobin jikin gilasan 40, 30, 20, 16 ne, babu +1.00 ko +2.00. Yaya ake karanta su? Kuma za a iya zaɓa wa ɗan shekara 50 tabarau na karatu da su?

Malam Tabarau: Wa alaikumus salam. Tsohon lissafin inci ne, kafin a koma diyofta, ma'aunin ƙarfin gilashi irin su +1.00, wadda Monoyer na Faransa ya kawo a 1872. Lambar tana nuna tazarar da gilashin ke tattara haske. Raba 40 da lambar: 40 ya zama +1.00, 20 ya zama +2.00, 16 kuma +2.50. Wato ƙaramar lamba ita ce mai ƙarfi, nan mutane suke ruɗewa.

Kada ka yarda da gurbin da ka tarar da gilashi, hannaye da yawa sun taɓa akwatin. Riƙe gilashin ka kalli layin ƙofa ta cikinsa, ka motsa shi gefe. In layin ya bi hannunka, mai ragi (−) ne. In ya saɓa, mai ƙari (+) ne. Ko ka tara hasken rana a ƙasa ka auna: +2.50 zai tattara shi a santimita 40.

Hajiya Ma'aikaciyar Ido: Ƙari kan bayanin Malam. Ƙwayar cikin ido ce take taurara da shekaru, shi ya sa mutum ke miƙa hannu da takarda. A fara gyara ganin nesa a mita 6, ido ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗora ƙarin karatu, takarda na santimita 40. Ɗan 45 yakan buƙaci wajen +1.00, ɗan 50 +1.50 zuwa +2.00, ɗan 60 +2.50. A riƙa hawa da 0.25, a tsaya kan mafi rauni da rubutu ya fito. In aka zarce, sai ya manna takarda a hanci. Tela da mai kwamfuta tazararsu ba ɗaya ba ce, a gwada kowa a inda yake aiki.

Malam Tabarau: Gaskiya ne, Hajiya. Sai dai saitin inci ba ya hawa da 0.25 daidai. Kuma akwatin ba ya gano hawan jinin ido ko yanar ido. Wanda gilashi bai gyara ganinsa ba, a tura shi asibitin ido.