Shin man da ke can ƙasan teku yana mayar da uwar kuɗi?

Baban Khadija, Jidda:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masana harkar mai ce. A nan Saudiyya muna jin cewa fitar da gangar mai ɗaya ba ya cin Aramco, kamfanin man Saudiyya, fiye da 'yan daloli, amma a gida Najeriya an zuba kusan dala biliyan 16 a filin Egina kaɗai, can tsakiyar teku. Shin irin wannan jari yana mayar da uwar kuɗi kuwa, ko kamfanonin waje ne kawai ke cin moriyarsa?

Injiniya, Dammam:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba duk man teku ne ɗaya ba. Safaniya na nan Saudiyya, wanda aka gano a 1951, shi ne filin mai mafi girma a cikin teku a duniya, amma ruwansa ba shi da zurfi, ana kafa dandamali a kan ƙafafun ƙarfe su taka ƙasa. A filin Manifa ma, nan Saudiyya, tsibirai 27 aka cike da ƙasa, aka haɗa su da hanyoyin mota, ana haƙa kamar a tudu. Filin Bonga na Najeriya kuwa, wanda Shell ya fara ɗibar mansa a 2005, yana da nisan kilomita 120 daga gaɓa, kuma zurfin ruwan ya haura mita 1,000, inda ɗan Adam ba ya iya nutsawa. Bakin rijiyar yana ƙasan teku, na'urori marasa matuƙi ke sauka su ɗaure bututu a cikin duhu da sanyi, sannan man ya hau zuwa wani katafaren jirgi da aka ɗaure wuri guda, wanda ke raba shi da ruwa da iskar gas, ya adana shi har jirgin dakon mai ya zo ya kwasa. Yawancin kuɗin a farko ake kashe shi, shekaru kafin a sayar da ganga ko ɗaya, amma idan rijiyoyin suka kama, suna zuba da yawa, domin an gina Egina ne ya ba da ganga 200,000 a rana.

Maman Usman, Makka:
Injiniya, Allah ya ƙara basira. Akwai wata riba da ba a cika lissafawa ba. Man tudu a Neja Delta yana bin bututu ne, ana fasawa ana sata, gonaki da rafuka suna lalacewa. Na can cikin teku daga jirgi zuwa jirgi yake tafiya, hannun ɓarawo ba ya kai masa da sauƙi. Sai dai idan hatsari ya auku ba kyan gani, kamar na Tekun Meziko a 2010 da ya ci rayuka 11.

Malamin lissafi, Madina:
Alhaji, rabin tambayarka na biyu ya fi damuna. Yarjejeniyoyin da Najeriya ta ƙulla da kamfanonin mai a 1993 sun yafe wa filayen da zurfinsu ya wuce mita 1,000 kason da gwamnati ke ɗauka a kan kowace ganga, domin a jawo kamfanoni lokacin da mai ke da araha. Farashi ya ninka, amma ba a gyara dokar ba sai 2019, da aka sanya kashi 10 cikin 100. A ganina jarin ya biya tuntuni. Jinkirin gyaran nan ne ya rage wa talakan Najeriya rabonsa.