Shawarwarin da aka bayar kan koya wa ma'aikata kutse na halal

'Yan uwa, ga abin da na tsinta daga zaman da masu shagunan POS da na kwamfuta na yankin Gumel da Maigatari suka yi kan tsaron kasuwanci.

Magana ta farko da kowa ya nanata ita ce izini. Kar yaronka ya gwada kutse a na'ura ko netwok ɗin da ba naku ba sai da izinin mai shi a rubuce, domin dokar laifukan intanet ta 2015 ba ruwanta da cewa gwaji kake yi, wallahi wannan ya kamata iyayen gida su riƙe shi da kyau. Sai aka ce karatun baki kawai ba ya wadatarwa, a samu laftof ko da tsohuwa ce a sa mata VirtualBox (manhajar da ke buɗe kwamfutar gwaji a cikin laftof ɗin), a ɗora Kali Linux (tsarin kwamfuta mai ɗauke da kayan gwajin kutse) da Metasploitable (tsarin da aka bar wa ɓaraka da gangan don a koyi kutse a kansa) a ciki, yara su yi ta fasawa suna gyarawa, kuma daɗin abin ba ya cin data bayan an sauke, wanda mu nan da netwok ke wahala ba ƙaramin sauƙi ba ne. Su fara da Nmap (manhajar gano na'urorin da ke kan netwok da ƙofofinsu da ke buɗe) da Wireshark (manhajar duba bayanan da ke wucewa ta netwok). Mai data ya leƙa TryHackMe, shafin intanet na koyon kutse na halal.

Wani malami ya ce yawancin asarar 'yan POS daga alat na bogi ne da kiran "daga banki muke, turo OTP", saboda haka a riƙa gwada ma'aikata da irin wannan kiran, wanda ya faɗa a koya masa ba tare da tozarci ba. Ni wannan ta fi kama min hankali. An kuma ce duk wanda ya bar aiki a canza fasword ranar.