Shafin edita: me ake rubutawa har mai karatu ya ji da shi ake?

Malamin Tudun Wada, Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibanmu ta ɗora mini nauyin mujallarta, shafi 24, sau biyu a shekara. Komai ya kammala har hotuna, saura shafin edita. Sau uku ina rubutawa ina yagewa. Kullum sai ya fito kamar jawabin ranar rabon kyaututtuka: godiya ga shugaba, godiya ga ma'aji, Allah ya saka. Ni kaina ba zan karanta ba. Alhali ina yaro, in baffana ya sayo mujalla, wannan shafin yake fara buɗewa. Me ke cikinsa da nawa ya rasa?

Dattijon Ƙauran Namoda:
Wa alaikumus salam, Malam. Kai da ido kake rubutu, na da kuwa da kunne suke yi. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya cikin Janairun 1939, Abubakar Imam ne editanta. Mahaifina ya ce a ƙofar gida ake karanta ta bayan la'asar, mai boko ɗaya na karantawa, dattawa sun kewaye shi suna tanka wa edita kamar yana zaune kan tabarmar. Wanda ya san haka za a yi da rubutunsa ba ya cika shi da kirarin manya. Karanta wa uwargida naka da ƙarfi. Duk inda ta ce "me?" ko ta tashi duba tukunya, soke wurin.

Maman Ɗiyan Mafara:
Baba ya faɗi gaskiya, amma bari in ƙara. Ina budurwa akwai wata mujalla da nake saye in an shigo da ita Talatar Mafara. Ta taɓa makara wata biyu, muka ɗauka ta mutu. Da ta fito, edita bai yi ɓoye-ɓoye ba: takarda ta yi tsada, mai maɗaba'a ya riƙe aikin sai an biya, don haka an ƙara kuɗi, a yi haƙuri. A ƙasa kuma ya gode wa "wata mai karatu daga Mafara" da ta gyara masa wani karin magana da ya juya. Ni ce! Ko sunana bai sa ba, amma sai da na zaga gida biyar ina nunawa. Kwafin na nan ƙasan akwatin aurena, kyankyaso ya ci gefensa. Ƙarin kuɗin kuwa ko a jikina.

Ɗan Gusau:
Yaran yanzu fa WhatsApp suka sani, Malam. Kada ya wuce rabin shafi.

Malamin Tudun Wada, Gusau:
Na gode ƙwarai. Hajiya, kin tuna mini: a fitowar bara an sa hoton ajin 1998 aka rubuta 1989, mutum uku suka kira suna faɗa. Da su zan buɗe. Godiyar ma'aji ta koma shafi na 23.