Neman shawara: motata ta faɗi gwajin hayaƙi a MOT, an ce sai na sauya katalis

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar mota ku agaza min. Ina Birmingham, motata ƙarama ce mai shan fetur, ƙirar 2004, ta ci hanya sosai amma ba ta taɓa ajiye ni a titi ba. Na kai ta MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara a nan Birtaniya, birki lafiya, tayoyi lafiya, fitilu lafiya, sai aka kayar da ita a kan hayaƙi. A takardar da suka ba ni, wurin gwajin da ake taka totur, CO (iskar guba da ke cikin hayaƙi) ya nuna 0.38 alhali ba a so ya wuce 0.2, HC (ragowar man da bai ƙone ba) 74, lambda kuma 1.06. Mai garejin ko ƙarƙashin motar bai sake leƙawa ba ya ce katalis, wato abin da ke tace hayaƙi a salansa, ita ce ta mutu, kuɗin da ya yanka min kuwa ya kusa abin da na sayi motar. Na kira ƙanena a Kano ya haɗa ni da bakanikensa, shi kuma ya ce a kwance indomi, wato katalis ɗin, a fasa a zubar da abin cikin, a cire tamostat mai daidaita zafin inji, mota za ta sha iska. Tsohon MOT ɗina bai ƙare ba tukuna amma ya kusa, kuma da motar nake kai yara makaranta in wuce aiki. In biya ne, ko in sayar da ita, ko akwai wata hanya?

Ɗan Tasi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, maganar bakaniken Kano a bar ta a Kano. Can ba kasafai ake zura na'ura a salansa a auna ba, shi ya sa ake cire indomi a yi ta tafiya. A nan motar da ta fito da katalis daga kamfani, in an cire, faɗuwa ce kai tsaye, tun kafin ma a kai ga awo. Kar ki bari kowa ya taɓa ta.

Zancen hawa kuma, tunda tsohuwar takardarki na da sauran rai, kuma ba su rubuta miki lahani mai haɗari ba, doka ta yarda ki ɗauke motar. Ki duba takardar da kyau, tun watan Mayun 2018 suna raba lahani gida uku: ƙarami, babba, da mai haɗari. Na hayaƙi yawanci a babba yake faɗawa. Ranar da tsohuwar ta ƙare kuwa, ba inda za ki je da ita sai wurin gyara ko wurin gwajin da kika riga kika yi rajista, in ba haka ba tarar na iya kai fam 1,000.

Auwalu Coventry:
Anti ki sayi maganin wanke inji na kwalba ki zuba a tanki, ki cika da fetur mai tsada, ki hau babbar hanya ki ba ta wuta a giya ta uku ko ta huɗu kamar rabin awa, daga nan ki zarce gareji kar ki kashe. Tawa haka na yi mata ta wuce.

Baba Injiniya:
Auwalu, taka ta wuce ne saboda da ma a bakin layi take. Ta wannan baiwar Allah CO ɗinta ya kusa ninka iyaka, kwalba ba za ta cike wannan ramin ba.

Maman Ilham, 'yata, na yi shekaru ina wannan sana'a a Bradford kafin gwiwa ta zaunar da ni. Takardar nan da ke hannunki ta riga ta faɗi rabin ciwon, karanta ta ne ba a yi ba. Amsa min tukuna. Idan kika tayar da motar da sassafe, kina jin wata ƙara daga ƙasa wajen ƙafafunki, wadda ke raguwa in inji ya ɗumama? Allurar zafi tana hawa tsakiya ta tsaya, ko tana kwanciya ƙasa, musamman a babbar hanya? Hita na saurin kawo ɗumi? Wutar gargaɗin inji na kunne? Yaushe rabonki da sauya fulogi da baƙin mai?

Maman Ilham:
Baba na gode, Allah ya ƙara lafiya. Ƙarar tana nan, na ɗauka tsufa ne. Allurar ba ta kai tsakiya sai in cunkoso ya riƙe ni, ina samun hanya ta sake sauka. Hita kuwa sai mun kusa makaranta yake fara ɗumi, yara har tsokanar motar suke. Wutar inji ba ta kunne. Baƙin mai an sauya bara, fulogi ban san rabonsa ba, haka na saye ta.

Baba Injiniya:
To madalla, yanzu magana ta fito. Bari in bi miki lambobin.

Lambda awon daidaiton iska da mai ne. Injin fetur na so ya ƙona kashi 14.7 na iska da kashi 1 na mai, in an dace da haka lambda 1 ke nan. Gwaji na yarda da 0.97 zuwa 1.03. In ya faɗi ƙasa, mai ya yi yawa. In ya haura, iska ta yi yawa. Naki 1.06, wato na'urarsu ta ga iska fiye da kima a bakin salansa. Shi kuma CO yana yawa ne in mai ya rinjayi iska, ko in katalis ta gaza ƙone shi. Kin ga lambobin biyu suna musu da juna: ɗaya na cewa iska ta yi yawa, ɗaya na cewa mai ya yi yawa. Duk lokacin da na ga haka, abin da nake fara nema shi ne ɓula a bututun hayaƙi. Katalis ko ta mutu murus ba ta ƙara iska a salansa, don haka ita kaɗai ba za ta kai lambda 1.06 ba.

Yadda abin ke faruwa, hayaƙi ba ya fita a miƙe, bugu-bugu yake fita, tsakanin bugu da bugu ɓular na zuƙo iskar waje. Idan ɓular na gaban sensar iska ta farko, sensar za ta gaya wa kwamfutar mota cewa mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara mai, inji ya yi ta sha ba tare da yana buƙata ba. Ga CO ya hau, ga lambda ya hau. Ƙarar da kike ji da safe alama ce, ƙarfe na faɗaɗa in ya yi zafi ya ɗan toshe tsagar. A motoci masu shekaru irin taki, wurin da ya fi ci shi ne mahaɗar nan mai saƙar waya da ke lanƙwasa, sai gasket, sai inda gishirin da ake watsa wa titi lokacin sanyi ya cinye.

Na biyu, tamostat ɗinki ya maƙale a buɗe, allurar da hitar sun nuna. Injin da bai kai zafinsa ba kwamfuta na ci gaba da ba shi mai da yawa kamar yanzu aka tayar da shi. Ita ma katalis ba ta fara aiki sai ta kai wajen digiri 250 zuwa 300. Wato abin da bakaniken Kano ya ce a cire, shi ne ma ya kamata a saka sabo.

HC 74 kuwa labari ne mai daɗi, iyaka 200 ne. Ma'anarsa inji na ƙona mai yadda ya kamata, ba ya tsallake wuta, kwayil lafiya. Duk da haka ki sauya fulogi da filtar iska tunda ba ki san rabonsu ba, ba su da tsada.

Ki ce a ɗaga motar a tayar, a ɗan toshe bakin salansa da tsumma a saurara, ko a hura hayaƙin gwaji a ga inda zai fito. A toshe ɓula, a sauya tamostat, a jona na'ura a duba ko sensa na motsi da sauri ko ta yi nauyi. Sai a sake awo. In lambda ya dawo daidai CO bai sauka ba, a lokacin ne za a tuhumi katalis da hujja.

Auwalu Coventry:
Baba ai ni ma zafin nake nufi da na ce ta hau babbar hanya.

Baba Injiniya:
Wannan ɓangaren ka yi gaskiya ɗana, motar da kullum makaranta da kanti take zuwa tana son doguwar tafiya kafin gwaji, kuma a kai ta da zafinta. Amma su ma masu gwajin ana buƙatar inji ya kai zafinsa na aiki kafin su auna, kuma in mota ta faɗi a karon farko sukan riƙe totur na minti uku su sake aunawa. Don haka ba sanyi kaɗai ya kayar da ita ba. Kwalbar kuma ban hana ba, tana ɗan wanke nozil, amma ba ta like ƙarfe.

Sarkin Yawo:
Hajiya duk wannan dogon lissafi ne. Akwai garejin da na sani, ki ɗora wani abu a kan kuɗin gwaji, takarda ta fito ko motar ba ta je ba. Ki min magana ta gefe.

Hajiya Admin:
Malam, ban goge maganarka ba don kowa ya ga amsar, amma kar a sake kawo irinta nan. Hukumar DVSA mai kula da gwajin MOT na bibiyar garejin da ke haka, tana ƙwace musu izini, wasu har kotu. Yawancinmu a kan biza muke zaune, wa zai sa takardunsa a haɗari saboda salansa? Sannan hayaƙin da ke tsiyaya a ƙarƙashin mota yana iya shiga ciki, CO ba shi da wari ba shi da launi, kuma yara ne a kujerar baya da gilashi a rufe. Ko babu MOT wannan ɓular abin gyarawa ce.

Ummu Khalil:
Yaya, ni ta gefen kuɗi zan yi magana. Kuɗin gwajin mota doka ta kayyade shi, ba ya wuce fam 54.85. In kika bar motar a garejin da ya gwada suka gyara, aka sake dubawa cikin ranakun aiki 10, sake dubawar kyauta ce. In kika ɗauke kika gyara a wani wuri kika dawo cikin waɗannan ranakun, abin da ya faɗi kawai za su duba, kuma ba za su karɓi fiye da rabin kuɗin ba. Kar ki bari kwanakin su wuce, gwaji zai koma sabo fil.

Ni yanzu wurin gwajin ƙaramar hukuma nake kai tawa, inda suke duba motocinsu da tasi. Galibinsu ba sa gyara, don haka ba su da ribar kayar da ke. Ba na cewa mai garejinki macuci ne, wataƙila sauri yake. Kuma ki shiga shafin gov.uk ki saka lambar motar, tarihin MOT ɗinta na shekarun baya zai fito kyauta. In an taɓa rubuta tsatsa ko ƙaramar ɓula a salansa za ki gani.

Ɗan Tasi:
Wani abu da ba a taɓo ba. Cin MOT daban, shiga tsakiyar gari daban. Tun Yunin 2021 Birmingham na cajin fam 8 a rana ga motar da ba ta cika sharaɗi ba a yankin tsaftace iska, na fetur sai ta kai matakin tsaftar hayaƙi na Euro 4, na dizal Euro 6. Motocin 2004 wasu sun kai wasu ba su kai ba, sai an saka lamba an duba. Landan kuma fam 12.50 ne, kuma tun Agustan 2023 ya game dukkan unguwanninta. In taki ba ta kai ba kuma aikinki na ciki, ki yi lissafi kafin ki zuba mata kuɗi mai yawa.

Masu dizal da ke karantawa, ku naku ya fi tsanani. Motar da ke da matatar toka ta DPF, in aka ga hayaƙi kowane launi na fita, ko alamar an yanke an cire an like, ta faɗi.

Maman Ilham:
Na duba, ba ta biyan kuɗin shiga gari, alhamdulillah. Tarihin kuma ya nuna tun kafin in saye ta an taɓa rubuta ƙaramar ɓula a gaban salansa. Ummu Khalil Allah ya biya ki. Na samu wani gareji sun ce in kawo su ɗaga.

Maman Ilham:
'Yan uwa na dawo da labari. Mahaɗar mai saƙar waya ce ta tsage, bakaniken ya nuna min baƙin tabon da hayaƙi ya yi a wurin. An sauya ta, an sa sabon tamostat da fulogi da filta, duka bai kai sulusin kuɗin katalis ɗin ba. Na zaga babbar hanya na kai ta da zafinta. Lambda 1.01, HC 41, CO 0.17. Ta wuce! Hita ma yanzu kafin mu fita layinmu ya kawo. Baba Injiniya ban san da bakin da zan gode maka ba, Allah ya saka da Aljanna, ya ba da lafiyar gwiwa.

Baba Injiniya:
Amin 'yata, barka. Sai dai 0.17 kusa yake da 0.2. Katalis mai ƙarfi a injin da ya daidaita takan sauke CO kusa da sifili, taki ta gaji, man da ta daɗe tana sha ya rage mata kwana. Mai garejin farko bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, gaggawa ya yi. Ki adana takardar awon nan. Baɗi ki kai ta da wuri, ana iya yin gwaji wata guda ba kwana ɗaya kafin ranar ƙarewa ba tare da ranar ta canza ba, sai ki samu sararin gyara. In ta kama sai an sauya, ba dole sai ta kamfani ba, amma motar da aka yi wa rajista daga Maris 2001 doka ta ce sai mai hatimin amincewa, ki tambaya kafin a ɗaura. Tsohuwar kuma ki karɓi abarki ko a rage miki kuɗi, akwai ƙarafa masu daraja a cikinta, filatinam da faladiyam da rodiyam, masu sayen tsofaffin ƙarafa na biya.